Yaya Ya Ce Basir Ne

Matar yayana ce ta fara sanar da ni, kuma ba da baki ta fara ba. Na je gidansu a Tarauni ranar wata Asabar na same ta tana wanki a tsakar gida, sai ta ɗago wani wandon Yaya daga cikin baho ta juya mini bayansa. An cuɗa shi an sake cuɗawa, amma tabon jinin yana nan. Ta ce an kai wata biyar ana haka, kuma ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta gaya wa kowa. Na ce asibiti fa? Ta nuna mini gindin taga da haɓa. Jarkoki ne a jere da gorunan roba cike da jiƙe-jiƙe, wani ja wani baƙi ƙirin, duk maganin basir.

Na jawo kujera na zauna. Na san jarkokin nan. Irinsu ne suka cika ɗakin Babanmu a Gyadi-Gyadi shekarar da ya rasu.

Baba kafinta ne, amma ba na kujera da gado ba. Aikinsa rufi da silin. Lokacin da ake ta gina gidajen ma'aikata a wannan ɓangaren na Kano, da wuya ka shiga layi ba ka sami gidan da ya buga wa silin ba, kuma silin na lokacin asbestos ne, faffaɗan farin allo mai kama da siminti, ga sanyi ga ƙarko, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi. Baba yana yabonsa kamar shi ya ƙera shi. Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu, ni ce auta, kuma tun ban yi wayo ba tare suke fita aiki. Da zarto suke yanka allon a bushe, a cikin ɗakin da ba a sa wa taga ba tukuna ko an sa an rufe. In sun dawo da yamma fari fat suke, har gashin ido. Aikina ne in karɓi rigunansu in kaɗe su a jikin katanga kafin a jiƙa, kuma ina son aikin, don ƙurar tana tashi tana ƙyalli a rana.

Guntayen da suka rage ba a zubarwa. Ɗaya ne murfin randarmu. Ɗaya Inna take ɗora tukunya mai zafi a kai. Mu kuma yaran layi da ƙananan muke zana 'yar gala-gala a ƙasa, don sun fi gawayi fitowa.

Sannan akwai madara. Kowane mai aikin ƙura a lokacin ya yarda da ita, har yanzu ma wasu sun yarda. Da sun shigo, kafin ma su yi wanka, Inna za ta huda gwangwanin madara da ƙusa, Baba ya kafa kai ya sha rabi ya miƙa wa Yaya. Cewa yake ƙura a ƙirji ita ce mugunta, amma in aka kora ta da madara ta sauka ciki, shi ke nan, gobe da safe za ta bi hanyarta ta fice. Don haka ba ya tofar da kaki in ya yi gyaran murya a wajen aiki. Haɗiyewa yake da gangan, kuma haka ya koya wa ɗansa. Ni kuwa abin da ya dame ni a lokacin shi ne a bar mini ɗigon da ya rage a gindin gwangwani.

Da Baba ya fara zubar da jini, kowa ya ce basir ne. Wane magidanci ne ba shi da basir? Masu magani suna yawo da lasifika a mota suna lissafa alamominsa, duk wanda ya saurara sai ya ji da shi ake. Baba ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, ya sha wani abu mai ɗaci da ake kawo masa daga ƙauye. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Sai da cikinsa ya kumbura aka kai shi asibiti, likitoci suka buɗe cikin suka rufe, suka ce ciwon daji ne a hanji kuma ya riga ya bazu. Amma a zaman makoki, duk wanda ya tambaya sai a ce masa basir ne ya ci ƙarfinsa. Ina amarya a lokacin, ina jin kunyar kowa, ban ce uffan ba. Har yau ina jin haushin wannan shirun nawa.

Yaya ya gaji sana'ar, sai dai zamani ya juya ta. Yanzu kowa silin roba yake so ko na filasta mai ado, don haka rabin aikinsa ya koma cire tsohon. Silin da Baba ya buga da hannunsa a Babban Giji da Tarauni, shi Yaya yake bi yana ɓallewa da guduma da ƙarfen cire ƙusa. Allon da ya shekara talatin a sama ba ya fitowa lafiya, farfashewa yake, ya zubo wa mutum a fuska tare da kashin ɓera. Ya fi na da ƙura nesa ba kusa ba.

To, ranar Asabar ɗin nan na ƙi tafiya gida. Matarsa tana ta roƙona in rufa mata asiri, na ce asirin me, asirin da za a rufe da ƙasa? A gidanmu ƙanwa ba ta yi wa wanta maganar abin da ke ƙasan cibiya. Ko sunan abin ba a kamawa. Na san haka sarai, amma ni mutum ce mai baki, malamar makaranta ce ni, na saba in faɗa a ji. Ya dawo bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, na bari ya zauna ya sha ruwa.

"Yaya, na ga wandon."

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Bai ɗaga murya ba.

"Auta, tashi ki tafi gidan mijinki."

Ban tashi ba. Na tuna masa Baba, na tuna masa jarkoki, na ce da idona na ga yadda aka yi kuma ba zan sake zama ina kallo ba. Ya ce basir gado ne, Baba ya yi, kakanmu ma an ce ya yi, kuma maganin da yake sha yanzu ya fara karɓarsa. Na ce karɓa ce ta sa wuyan rigarsa ya yi masa yawa? Sai ya fito da ainihin abin da ke ransa. Ya ce ya ji yadda ake gwajin. Kwantar da mutum ake a tuɓe shi, a zura masa tiyo mai kyamara ta dubura, ga 'yan mata ma'aikata sa'o'in 'ya'yansa suna tsaye suna kallo a talabijin. Ya ce shi da jikoki uku, gara ya mutu da mutuncinsa.

Nan idona ya rufe. Na ce masa ai shi ke nan, in ya mutu masu wankan gawa za su gani, kuma su ba za su nemi izininsa ba.

Wallahi da ana mayar da magana ciki da na mayar. Ya miƙe ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Wata biyu cur bai amsa wayata ba, in na je gidan sai ya fice ta ƙofar shagonsa da ke jikin gidan. Kuma na tabbata, tabbacin da ke hana ni sukuni har gobe, cewa maganar nan tawa ta ƙara masa taurin kai. Da a ce na bi shi a hankali, da na turo masa wani babba namiji, wataƙila da ya je a lokacin. Bayan abin da na faɗa, zuwa asibiti ya zama kamar ya sallama wa ƙanwarsa da ta ci masa fuska a gaban matarsa.

Da na ga na ɓata, sai na nemi wadda ta fi ni iya baki. Akwai wata dattijuwa a layinsu, 'yar Filato, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yan Yaya biyu, kuma yana ganin girmanta ƙwarai. Ta same shi a shago bayan ta dawo daga coci, ta zauna a kan bencinsa ta yi masa magana a tsanake. Ta ce ba duk jini ba ne basir, kuma ko da basir ɗin ne, dubawa ba ta rage komai. Ta ce za ta nemo masa likita namiji, za ta roƙa a rage masu tsayawa a ɗakin. Ita ce ma mutum ta farko da na ji ta ce ƙurar silin ɗin nan guba ce, ta ce ya riƙa jiƙa allon da ruwa kafin ya taɓa, ya sa takunkumi na gaske. Yaya ya ce to, Mama, in sha Allahu. Ya raka ta har bakin titi. Duk wanda ya san Bakano ya san irin wannan to ɗin.

Azumi ya zo, ya ce sai bayan Salla. Bayan Salla ya sami aikin wani babban gida a Ƙauyen Alu, ɗaki tara duk za a cire silin, ya ce sai ya gama. Ni kuma ina gefe ina cin kaina, ina aika masa da kunun gyaɗa yana dawo mini da kwanon ba a buɗe ba.

Bai gama gidan ba. Wata safiya matarsa ta kira ni tana kuka, ta ce kwana huɗu ke nan bai yi bayan gida ba, ko iska ba ta fita, ga amai mai wari. Na same shi a kan tabarma ya naɗe, cikinsa ya yi tsini ya yi tauri. Muka kama shi ni da babban ɗansa muka sa a adaidaita sahu. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai ya damƙe hannuna, har farcensa ya shiga.

A ranar aka yi masa aiki. Ƙarin ciwon daji ne ya toshe babban hanji. Sun yanke abin da za su iya yankewa, suka fito masa da bakin hanjin ta gefen ciki suka manna leda a wajen, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Kuma abin ya riga ya taɓa hanta.

Likitan da ya yi mana bayani ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu, kuma ba ya gaggawa. Ya tambayi sana'ar Yaya, na gaya masa. Ya tambayi shekara nawa yana yi, ya tambayi abin da ya kashe mahaifinmu. Da na ba shi labarin madara bai yi dariya ba. Ya ce madara ba ta wanke komai. Ya ce ƙurar asbestos wasu siraran zaruruwa ne da ido ba ya gani, jiki ba ya narkar da su. Illarsu ga huhu da rigar huhu, wannan an tabbatar, babu musu. Na hanji kuwa ana zargi, domin abin da mutum ya shaƙa wani yana dawowa maƙogwaro a haɗiye shi, ya bi hanji, kuma an lura ciwon yana ɗan fi yawa a wasu masu irin wannan aikin. Amma masana ba su gama haɗa baki a kai ba, kuma shi ba zai rantse mini cewa ita ce ta jawo na Yaya ba.

Na ce, "Likita, ita ce ko ba ita ba ce?"

Ya ce, "Malama, ban sani ba. In na ce miki na sani na yi ƙarya."

Na ji kamar in kife teburinsa. Abin da zan kama nake nema, in tsine masa in huta. Uba ya tafi, wa yana kwance da leda a ciki, a ce mini wataƙila? Na fita waje na tsaya a rana ina huci, sannan na dawo, don na bar jakata.

Da na dawo ya ce in zauna, bai gama ba. Ya ce akwai abin da ya fi maganar ƙura tabbas. Uba ya yi, ɗa ya yi, to sauran 'ya'yan gidan suna cikin haɗari fiye da sauran mutane, ko da ƙura ko babu. Balle ni da na ce ina kaɗe riguna. Ya ce in aka duba da wuri, sau da yawa ɗan tsiro ake samu a cire shi tun bai zama komai ba. Ya jawo takarda ya rubuta, ya miƙo mini. Gwajin nan ne dai, na tiyo da kyamara. Na ninke ta na sa a jaka na ce masa to.

Yaya ya yi wata bakwai bayan aikin. Ya koma gida, ana kai shi ana yi masa ƙarin ruwan magani mai sa shi amai da zubewar gashi. Abin da ya fi ci masa rai ba ciwon ba ne, ledar ce. Ya daina zuwa masallaci, shi da ba ya rasa sahun farko. Limamin unguwa ya zo har gida ya gaya masa lalura ce, alwalarsa tana nan, sallarsa ta yi. Ya ce ya ji, amma ba zai tsaya kusa da mutane ledar tana ƙugi ba. A zaure yake sallarsa shi kaɗai, yana jin kabbarar liman ta lasifika yana bi. Ya sa aka kira masa ma'aikatansa, ya ce su riƙa jiƙa allo, su sa takunkumi, su daina kai guntaye gida. Suka ce to, Oga. Na gan su bayan sati biyu a wani gida a Babban Giji, fari fat, ɗaya ya ɗaura tsumma a hanci, sauran ko wannan babu.

Mun shirya da shi ba tare da an yi maganar ba. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya. Wata rana matarsa ta tafi karɓo magani, yaran duk ba sa nan, sai ledar ta ɓalle. Na jiyo warin tun daga tsakar gida. Na shiga na same shi yana ƙoƙarin rufe wajen da zanen gado, abin ya ɓata masa riga da cinya. Ya ce in fita. Na ɗebo ruwan ɗumi da tsumma na durƙusa. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna girgiza, ni ma ina yi, ina gogewa ina share hanci da gefen mayafi. Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko ranar da aka binne Baba. Da na gama na sa masa sabuwar leda yadda Mama ta koya mana, na ce ya yafe mini maganar da na yi masa ta masu wanka.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Gaskiya kika faɗa. Faɗar ce ba ki iya ba."

Matarsa ce ta gaya masa zancen takardata. Daga ranar ya sa ni a gaba. Da na yi sallama, kafin ya amsa gaisuwa, sai ya tambaya ko na je. Na ce jarrabawa ake a makaranta, sai an gama. Aka gama, na ce layi ya yi yawa, sun ba ni wata mai zuwa. Na ce maigidana ya yi tafiya, sai ya dawo. Shi kuwa yana kallona da idanun nan da suka faɗa, ya san kowace dabara, don shi ya riga ni yinsu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Sau biyu ina zuwa har ƙofar sashen in ga mutane zaune a benci riƙe da irin takardata, in tuna za a tuɓe ni a kwantar, in tuna abin da za a iya gani, sai ƙafata ta juya da kanta. Ni mai baki, ni da na tsaya a tsakar gidan mutum na ci masa mutunci a kan wannan abin. Kunyar kaina ta ishe ni, amma ba ta kai ni ciki ba.

Ranar Talatar ƙarshe na je da hantsi, don an ce jikin ya yi tsanani. Idanunsa sun yi ɗorawa, muryarsa sai ka sa kunne. Ya yi mini alama in matso. Na durƙusa a gefen katifar.

"Auta, kin je?"

"Na je, Yaya."

"Me suka ce?"

"Sun ce lafiya lau. Ba su ga komai ba."

Ya lumshe ido. Ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta, dama ni ce ta tsaya masa a rai. Ya ce in kai 'ya'yansa su ma in lokacinsu ya yi, tunda ni na san hanya, in gaya musu babu zafi. Na ce to.

Ya rasu ranar Alhamis kafin azahar, aka kai shi bayan la'asar. A zaman makoki na ji wata tsohuwa tana gaya wa ta kusa da ita wai basir ne irin na ubansa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna abin da ke cikin jakar da ke kan cinyata, na rufe.

Takardar tana nan a aljihun ciki, inda nake sa katin shaida. Ta yi laushi, wajen ninkin ya fara yagewa. Kullum da safe adaidaita sahun da ke kai ni makaranta ta gaban asibitin yake bi, ni kuma sai in duba wayata har mu wuce. Babban ɗan Yaya ya tambaye ni makon jiya ko gwajin yana da wahala, na ce masa ko kaɗan. In na shiga banɗaki yanzu, ina gamawa nake kora ruwa, ba na dubawa.